Kwalbar Zuma a Kasuwar Tsamiya

Ranar kasuwar Tsamiya, can wajen da masu zuma da man shanu ke baza kayansu, na tsaya gaban wani dattijo da ya jera kwalabe bakwai a kan buhu. Shida daga ciki irin waɗanda kowa ya saba gani ne, masu dogon wuya, waɗanda ake ɗura soyayyiyar gyaɗa a ciki. Ta bakwai kuwa ta fita daban. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, gilashinta da kauri, an toshe bakinta da totuwar masara da leda. Takardar jikinta ta ɗaye saura ɗan ɓangare, amma ana iya karanta haruffa huɗu, V.S.O.P., da kalma guda a ƙarƙashinsu: Cognac.

Na ce, "Baba, wannan nawa?"

Ya ce, "Malam, bar batun kuɗi tukuna. Ɗanɗana ka ji."

Ya tsoma tsinke a gajerar kwalbar ya miƙo mini, ya ce in shinshina kafin in kai baki. Zuma ce baƙa, mai kauri, tana da ɗan ɗaci a maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce. Ya ba ni ruwa a moɗa na kurkure baki, sannan ya tsoma wani tsinken a wata kwalbar. Wannan fara ce, ba ta kai waccan nauyi ba, ƙanshinta na fure. Ya ce baƙar ta amyar da ta daɗe a bishiya ce, farar kuma sabuwar ɗiba ce. Na sayi baƙar, da kwalbarta.

Ni ba mashayi ba ne, addinina ya haramta mini, kuma ina kan wannan haramci da yardar zuciya. Amma kwalbar ta hana ni sakat. Tsamiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, a bakin iyaka, daga ita sai Segbana ta Jamhuriyar Benin. Kwalbar da aka cika a wani gari na yammacin Faransa ta bi ruwa ta bi tudu, ta ƙare a hannun mai zuma a jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci. Hanyar da ta biyo ta girmi Nijeriya, ta girmi iyakar kanta.

Abin da aka fara ɗurawa a kwalbar, Cognac, wato Konyak, nau'in barandi ne. Barandi kuwa ruwan inabi ne da aka bari ya zama giya, sannan aka dafa shi a rufaffiyar tukunya, aka tare tururin ya sake zama ruwa. Sunan ya fito daga bakin 'yan Holan, ma'anarsa ƙonannen ruwan inabi. A ƙarni na 16 da na 17 jiragensu suna zuwa gaɓar La Roshel da kogin Sharant sayen gishiri da ruwan inabi, amma ruwan yakan lalace a doguwar tafiya, sai aka koma dafa shi don ya jure hanya ya kuma rage cin wuri a jirgi. Daga baya aka lura cewa wanda ya daɗe a gangar katako ya fi laushi da launi. Tukunyar kuwa ba ƙirƙirar Turawa ba ce. Sunanta a harsunansu daga Larabci yake, al'anbiƙ, wadda masana irin su Al-Kindi na Bagadaza suka yi bayaninta tun ƙarni na 9 wajen tatsar turare da ruwan wardi. Kalmar da Turawa ke kiran sinadarin maye da ita ma daga "al-kuhl" ta samo asali, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Kayan aikin mai turare da mai magani ne suka koma hannun mai giya.

A ƙasar Konyak, inda kwalbata ta fito, doka ta tsara komai dalla-dalla. An shata yankin a 1909, aka ƙara ɗaure shi da dokar kare suna a 1936, aka kasa shi gida shida bisa ga irin ƙasar gonakin, mai alli-alli ce ko mai yumɓu ko mai yashi. Inabin fari ne mai tsami, ba mai daɗin ci ba. Sau biyu ake dafawa a tukunyar jan ƙarfe. Dahuwar farko tana ba da ruwa mai ƙarfin kusan kashi 30 cikin 100, ta biyu ta kai shi wajen kashi 70. A wannan ta biyun ne gwani ke nuna gwanintarsa: abin da ya fara ɗigowa yakan ware shi, na ƙarshe ma haka, na tsakiya kaɗai yake tarawa, wanda suke kira zuciya. Dole a gama dahuwar kowace kaka kafin ƙarshen watan Maris. Daga nan sai gangar itacen oak, a ɗaki mai duhu da danshi, inda kashi biyu zuwa uku ke bin iska kowace shekara, har wata baƙar fumfuna da ke rayuwa a kan tururin ta rine bangayen garin. Haruffan jikin kwalba shekarun ganga suke faɗa. V.S. shekara biyu aƙalla, V.S.O.P. huɗu, X.O. kuma goma tun 2018, a da shida ne. Haruffan na Ingilishi ne a kan kayan Faransa domin a da Ingilawa ne manyan masu saye, kuma wasu daga cikin gidajen da suka fi suna baƙi ne suka kafa su. Martell, a 1715, mutumin tsibirin Jasi ne. Hennessy, a 1765, ɗan Ayalan ne da ya yi wa Sarkin Faransa aikin soja.

Masu wannan sana'a idan za su gwada barandi da barandi, abin da dattijon nan ya sa ni yi da zuma shi suke yi. Sukan zuba kaɗan a ƙaramin kofin gilashi mai tsukakken baki, su ɗaga shi ga haske su duba launi, daga ruwan ƙwai zuwa ruwan ƙasa. Sai su kai hanci a hankali, ba tare da cusa shi ciki ba, don kada zafin ya toshe ƙanshin. Sannan ɗigo kaɗan a harshe, a jira a ji tsawon lokacin da ɗanɗanon zai zauna bayan an haɗiye ko an tofar, domin masu yin haka don aiki tofarwa suke yi. Konyak mai ƙarancin shekaru sukan ce yana da ƙanshin fure da ɗanyen 'ya'yan itace, tsoho kuma ya koma na busassun 'ya'yan itace da fata da kayan yaji. Armanyak, na kudu maso yammacin Faransa, ya girmi Konyak a tarihi, kuma galibi sau ɗaya ake dafa shi, saboda haka yana fitowa da kaushi da nauyi, ƙanshin gonar bai gama barinsa ba. Na Heres a Andalus ana tsufar da shi a gangunan da aka taɓa ajiye wata giyar, jere bisa jere, ana ɗiba daga na ƙasa ana cikawa daga na sama, shi ya sa ya fi duhu da zaƙi-zaƙi. Kalbados na Nomandi ma ba na inabi ba ne, na tuffa ne. A Afirka ta Kudu tun 1672 aka fara dafa nasu.

Duk wannan ma'auni na hanci da harshe a can ya tsaya. Da barandi ya iso gaɓar Afirka ta Yamma, da wani mudun aka auna shi.

A Wida, tashar da Sarkin Dahome Agaja ya ci a 1727, Faransawa suna da ganuwarsu, kusa da ta Ingilawa da ta Fotugal. Abin da suke saukewa daga jirgi shi ne wuri, da yadi, da bindiga, da sandunan ƙarfe, da gangunan barandi. Abin da suke lodawa mutane ne. Barandi yana cikin gaisuwar da ake kai wa sarki kafin a buɗe ciniki, yana cikin ladan masu kwalekwale da 'yan dako, yana cikin farashin bawa. Gwamnatin Faransa ta damu da wannan haja har ta hana shigo da giyar rake ta tsibiranta a 1713 don kada ta karya kasuwar masu inabi. Cikin waɗanda aka sayar a wannan gaɓa akwai mutanen da aka kamo daga arewa, Borgawa da Nufawa da Hausawa, aka gangara da su ta ƙasar Oyo. Duk lokacin da na tuna wannan, gajerar kwalbar nan takan yi mini nauyi a hannu.

Can arewa kuwa, inda Bagudo take a yau, wata duniya ce daban. Illo ɗaya ce daga manyan garuruwan Borgu uku, ita da Busa da Nikki, waɗanda sarakunansu ke jingina asalinsu ga Kisra. Busawa da Kyangawa su ne 'yan ƙasa, ga Dandawa da Zabarmawa a bakin kogi, ga Fulanin Ka'oje da shanunsu, ga Hausawa a zango. Ba a rasa abin sha mai sa maye a Borgu ba. Akwai giyar dawa da ake dafawa don bukin girbi da jana'iza da gayya, akwai bammi inda kwakwa da tukurwa suke. Kilafaton, Baturen da ya ratsa Kayama da Wawa da Busa a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya yi mamakin yawan shan da ya gani a Wawa. Amma wannan giyar gida ce, mace ke dafa ta, ba ta kwana uku ba ta lalace ba, ba ta kuma da ƙarfin da ya kai rubu'in na barandi. Tana da lokacinta da wurinta, dattawa na sa ido. A tsallaken Kwara kuma Gwandu ce, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda hukuncin mashayi bulala tamanin ne.

Abin da ya raya Illo shi ne fito. A nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja ke haye kogi, su da jakunansu, bayan madugu ya daidaita da sarki kan kuɗin hanya. Suna ɗauke da kanwa da tufafin Kano da fatu da albasa busasshiya, su bi ta Kandi ko Nikki zuwa Jugu, su dangana da Salaga, su komo da goro. Tafiyar takan ci watanni, wani lokaci shekara. In ana neman inda Bahaushe ya horar da harshensa wajen bambance abu da abu, to a nan ne. Dillalin goro yakan kwance huhu, ya ɗaga ganyen, ya zaro ƙwaya ɗaya ya murza da babban yatsa ya ji santsin fatarta. Ya ɓare ta ya saurari ƙarar, don goro mai kyau ƙas yake yi. Ya duba ciki ko sankara ta taɓa shi. Ya ɗan gatsa, ya jira ɗacin ya sauka, ya kurɓi ruwa ya ji ko zaƙi ya biyo baya. Ya san goriya da marsa da minu ta girma, ya san fari da ja, ya san sabo mai yauƙi da daushe da ya shekara yana kwance ana juya shi ana sauya masa ganye har ɗacinsa ya kwanta. Ya san labuje na ƙasar Nufe, goron sarakuna, ya san hannunruwa da ba a kai wa surukai. Abin da shekarun ganga suke ga mutumin Konyak, shi ne daushe ga Bahaushe. Da goro ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake sallamar baƙo, wato duk gurbin da kwalba ta cike a gaɓar teku, a nan goro ne ya riga ya zauna a ciki. Ina ganin wannan, bayan addini, shi ne babban abin da ya tsare ƙasar daga barasa, tun kafin wani Bature ya rubuta doka.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 abubuwa biyu suka faru a Turai da suka sauya abin da ke cikin kwalba. Wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye saiwoyin inabin Faransa, ya isa Konyak a shekarun 1870, barandi na gaskiya ya yi wuya ya yi tsada. A daidai lokacin kuma masana'antun Jamus da Holan suka iya tatsar barasa mai arha daga dankali da hatsi. Sai Hambog da Rotadam suka shiga ɗura ta a korayen kwalabe masu kusurwa huɗu, goma sha biyu a akwati. A ɗan sa mata ƙanshi a kira ta jin, a ɗan rina ta da ƙonannen sukari a kira ta barandi. Ita ce ta malale gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, har ta zama kuɗi. A wasu kasuwannin Kudu akwatin jin yakan yi shekaru yana yawo daga hannu zuwa hannu, a biya sadaki da shi, a biya tara, ba wanda ya buɗe.

Masu wa'azin Kirista da ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye a Ingila suka tayar da ƙura. A taron Burasels, wanda aka sa wa hannu ranar 2 ga Yuli 1890, ƙasashen Turai suka amince cewa a faɗin Afirka, daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa na 22 kudu, duk inda barasar Turawa ba ta riga ta shiga ba, saboda addini ko wani dalili, a hana ta shiga. Inda ta riga ta shiga kuma a ɗora mata haraji, aƙalla faran 15 kan kowace lita 100. Kamfanin Royal Niger na Jooji Goldi ya ja nasa layin, ya ce ba barasa arewa da layi na 7. Wannan ya jawo masa yabo a Landan, ya kuma taimaka masa wajen toshe 'yan kasuwar Libaful da na Legas da ke son shiga kogin da hajarsu.

Sai dai a lokacin ba a san ko Borgu ta wa ce ba. Faransa ta gama da Sarki Behanzin na Dahome a 1894, ta miƙe arewa tana neman tashar jirgi a kan Kwara, ƙasa da duwatsun Busa, inda ruwa ke biyuwa har teku. Goldi ya tura Kyaftin Lugga, Faransa ta tura Kyaftin Dekor, aka yi tseren zuwa Nikki. Lugga ya riga isa, ya samu takardarsa a watan Nuwamba 1894, Dekor ya iso bayan 'yan kwanaki ya karɓi tasa. Takarda ba ta raba gardama ba. A 1897 sojan Faransa suka zauna a Busa da wasu garuruwan Borgu, Ingila ta kafa rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya ta tura ta, har aka kai ga tutoci biyu suna kallon juna a ƙauyuka maƙwabta. A Faris aka kashe wutar, ranar 14 ga Yuni 1898. Yarjejeniyar ta ce iyaka za ta taɓa Kwara a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, tashar jiragen Illo. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. A 1906 aka tabbatar da layin. Ba a jima da kafa mulkin Turawa ba kuma aka yanke Illo daga Borgu aka haɗa ta da Gwandu, inda take har yau. Haka 'ya'yan Kisra suka wayi gari ƙarƙashin tuta biyu, mutumin Lolo da ɗan'uwansa na Madekali kowa da gwamnansa.

Layin da aka ja don jiragen ruwa sai ya zama layin kwalba. Tun daga 1 ga Janairu 1900, da Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja, Arewa ta zama yankin da aka haramta shigo da barasar waje ga 'yan ƙasa. Dokar barasa ta 1917 ta kasa Nijeriya gida uku: inda aka hana, inda aka taƙaita, da inda ake sayarwa da lasin. Bature yana da izinin shigo da tasa. Akwatunan wiski da barandi suna cikin kayan da 'yan dako ke ɗauka idan Di'o ya fita rangadi, kuma barandi na cikin akwatin maganinsa, ana ɗura wa wanda ya suma ko wanda zazzaɓi ya kayar. Ma'aikatan da suka zo daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, suna neman takardar izini a Sabon Gari. Burkutu kuwa ba a hana ta ba, an dai sa mata lasin a garuruwa. A ɗaya gefen, Faransa ma ta sa hannu a Burasels, tana da nata dokokin, amma ƙasa ce da ke ba sojanta ruwan inabi a cikin abincinsa na yau da kullum, kuma baitulmalin Dahome ya dogara ƙwarai da harajin barasa. Ko da aka ɗaga harajin zuwa faran 70 a 1899, an yi wa Dahome da Togo sassauci aka bar su a 60. Duk inda farashi ya bambanta tsakanin gefe biyu na layi guda, hanyar daji takan buɗe da kanta. Mafi yawan fasa-ƙwaurin a kudu aka yi shi, tsakanin Ajashe da Badagiri, amma iyakar Borgu doguwa ce, daji ne, masu tsaronta kuma ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba mu cika faɗa wa kanmu ba, ni kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi. Mukan ce Turawa sun girmama Musuluncinmu shi ya sa suka tsare mu daga barasa, kuma da gaskiya a ciki, domin sarakunanmu sun so haka, talakawa ma sun so. Amma gwamnatin Arewa ta wancan zamani ba ta iya riƙe kanta. Baitulmalin Ingila yana cika mata kusan fam dubu 300 a shekara, Kudu ma tana ba da nata kason, alhali babban abin da ke cika asusun Kudu harajin jin ne. A 1913 wannan haraji ya haura fam miliyan ɗaya. Da aka kafa kwamitin bincike a 1909 saboda ƙorafin su Bishop Tugwel, rahotonsa bai ga dalilin hana cinikin ba. Haɗewar 1914 ta zuba kuɗin a tukunya ɗaya. Ke nan an hana kwalba hawowa, amma kuɗinta ya hau jirgin ƙasa ya zo, an yi ofisoshi da hanyoyi da shi. Gardamar da ta tashi a 2021 kan rabon harajin kayan masarufi, inda wasu gwamnonin Kudu suka ce jihohin da ke fasa kwalabe suna karɓar kaso daga harajin giya, jikanyar waccan ce. Ba na ganin wannan ya rage wa haramcin daraja, amma wanda zai kare shi ya kamata ya san da wannan ƙulli, kada a yi masa ba-zata.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar San Jamen ta 10 ga Satumba 1919 ta hana shigo da waccan barasa mai arha gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya masa. Mutanen gaɓar teku suka koyi tukunyar. A kudancin Dahome aka fara dafa bammi ana tatsar wani farin ruwa mai ƙarfi, sodabi, wanda ake danganta sunansa da wani tsohon soja da ya ga yadda ake yi a Faransa lokacin yaƙi. A kudancin Nijeriya ogogoro ta bazu a shekarun 1930, da garwar kananzir da bututun ƙarfe. In an bi ma'anar kalmar, waɗannan su ne barandin Afirka ta Yamma, ruwan itace da aka ƙona. Turawa suka kira su haramtacciyar giya suka shiga kame, domin ba sa biyan haraji. Haɗarinsu kuwa na gaske ne, saboda ba mai duba abin da aka tara ko abin da aka gauraya. A 2015 gurɓatacciyar ogogoro ta kashe mutane da dama a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas, wasu suka makance kafin su cika.

'Yancin kai bai goge layin ba. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ware sashe na 403 ga Musulmin da ya sha barasa ba don magani ba. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ta kuma bi sahun Zamfara ta fara aiki da shari'a a watan Disamba 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero. A tsallaken iyaka, Benin ta mayar da tashar Kwatano hanyar cin abincinta: a sauke kaya da sunan Benin ko Nijar, su hau mota zuwa Faraku da Kandi da Malanbil, su sulale Nijeriya ta kowace kafa. Shinkafa ce kan gaba, da gwanjo da tsofaffin motoci, man fetur kuma yana bin hanyar a juye. Katan ɗin barasa ƙaramin fasinja ne a cikin wannan ayari, kuma akasarinsa ba nan yake tsayawa ba, manyan birane yake nufa, inda Hennessy ta zama alamar samu a bakin mawaƙan Legas. An rufe iyakokin a 1984 har zuwa 1986, an sake rufewa a watan Agusta 2019, Kamba ba ta buɗe ba sai 2022. Wanda ya zauna a Lolo ko Tsamiya a waɗannan shekaru ya ga yadda kasuwa ta mutu da rana, ya kuma ji kukan babura da dare.

Ita kwalbar da babu komai a ciki tana da tata kasuwar. A birane masu jabu suna sayenta da tsada, su ɗura mata rinannen sinadari su liƙe, hukumar NAFDAC tana ta kama su. Wadda ta kuɓuce musu takan gangaro ta hannun 'yan gwangwan, a wanke ta da toka da ruwan zafi, a shanya ta a rana, ta shiga hannun mai manja ko mai man shanu ko mai maganin gargajiya. Masu zuma sun fi son irin wannan mai kaurin, don ba ta fashewa a buhu idan babur ya faɗa rami.

Da zan tafi, dattijon ya ƙara matse totuwar da tafin hannunsa, ya naɗe kwalbar da tsohuwar jarida, ya ce, "Malam, in ta ƙare kar ka yar. Ka dawo mini da ita kasuwa mai zuwa bayan girbi, in cika maka da ta bana, in rage maka kuɗin kwalba."

Na ce, "To, Baba, Allah ya kai mu."

Ya ɓare goro fari, ya miƙo mini rabi.